Koko da ƙosai za su shiga lissafi? Amsa kan karin kumallon makaranta a Amurka

Tambaya: Anti, an ba ni riƙon kicin ɗin makarantarmu ta Musulunci a nan Amurka. Makaranta ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, yara kusan 140 daga ajin share fage zuwa aji 8, yawancinsu 'ya'yan mutanenmu ne. Shugabanni sun shigar da mu shirin karin kumallo na gwamnati, an ce sai abincin ya cika ƙa'ida kafin a biya mu. An turo mini takardu fiye da shafi ɗari, kaina ya ɗaure. Ta ina zan fara tsara jadawalin? Kuma iyaye sun dame ni da tambayar ko za a riƙa ba yara koko da ƙosai.

Amsa: Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya taya ki riƙo. Kada shafi ɗarin nan su razana ki, abin da za ki riƙa aiki da shi kullum bai cika shafi uku ba. Na daɗe a kicin ɗin makarantu a ƙasar nan, tun ina wanke tire har na kai ga tsara jadawali, kuma abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin ya zauna a kaina shi ne cewa ba tukunyarki gwamnati take biya ba. Tiren da yaro ya ɗauka ya wuce da shi ta gaban mai ƙirga take biya, shi ma sai da takardar da ke tabbatar da abin da ke kansa. Mu da muka tashi muna auna girki da ido da harshe, nan ne muke shan wuya. Kina iya yin girkin da ƙamshinsa zai fito da malamai daga aji, a hana ki ko sisi, wata kuma ta miƙa burodi da ayaba biyu da kwalin madara a biya ta cif.

Shirin na Ma'aikatar Noma ta Amurka ne, wato USDA. An fara shi a matsayin gwaji a 1966, ya zama na dindindin a 1975. Amma ke ba da Washinton za ki riƙa magana ba, da hukumar jiharku za ki yi. A yawancin jihohi ma'aikatar ilimi ce ke riƙe da shi, a wasu kamar Texas da Florida ma'aikatar noma ce. Makaranta ce ke fara kashe kuɗinta, ƙarshen wata ta aika adadin tiren da aka ci, sai a maido mata. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, karin kumallon yaron da ya cancanci na kyauta dala 2.37 aka biya, ko dala 2.84 a makarantun da aka yi wa rajistar matsananciyar buƙata, na yaron da iyayensa ke biyan cikakken kuɗi kuwa senti 39. Farashin yana sauyawa duk ranar 1 ga Yuli. Yi wannan lissafin da kanki: in kullum tire goma suna wucewa ba su cika ba, a kwana 180 na karatu kin yi asarar dala 4,266. Ayaba ce fa aka manta ba a ɗora ba.

Karin kumallon da ake biya rukuni uku ne: 'ya'yan itace, madara, sai hatsi ko abin da ke maye gurbinsa na nama da danginsa. 'Ya'yan itace kofi ɗaya kullum, madara kofi ɗaya kullum, ga kowane aji. Na ukun ne ke da lissafi, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Ba da nauyin abincin ake ƙirga hatsi ba, da wani ma'auni ne da suke kira "daidai da oza", ni zan riƙa ce masa awo. Kullum dole a sami aƙalla awo 1. A mako kuma, 'yan share fage zuwa aji 5 awo 7 zuwa 10, aji 6 zuwa 8 awo 8 zuwa 10, aji 9 zuwa 12 awo 9 zuwa 10. Kin ga tarkon? Wadda ta ba da awo 1 kullum ta cika ƙa'idar yini sau biyar, ta faɗi ta mako, domin biyar ba takwas ba ce. Tunda yaranki sun tsaya a aji 8, kada ki wahalar da kanki da jadawali biyu. Yi guda ɗaya da ya faɗa inda ƙa'idojin suka haɗu: aƙalla awo 8 a mako, kalori tsakanin 400 da 500, sodiyam kada ya wuce miligiram 540. Na samo wannan ne daga cewa ƙanana an ba su kalori 350 zuwa 500, 'yan tsakiya 400 zuwa 550, a sodiyam kuma iyakar ƙanana ce ta fi tsauri, sai a bi ta. Kalori da sodiyam da daskararren kitse duk a kan matsakaicin mako ake duba su, ba a kan tire ɗaya ba. Don haka in Talata ta yi nauyi, Laraba tana iya sauƙaƙa mata.

Ga abin da awo 1 yake nufi a hannu, ki rubuta ki manna a jikin firiji. Yankan burodi mai giram 28. Rabin kofi na dafaffen kunun ot, ko giram 28 na busasshensa. Kofi ɗaya na hatsin kwali irin su kwanfilas. Kwatan kofi na giranola, wato gasasshen ot mai garas-garas. Fankek ɗin Turawa ko wafil mai giram 34. Mafin kuwa, ɗan kek ɗin nan mai hula, sai ya kai giram 55. A ɓangaren nama da danginsa: rabin babban ƙwai awo 1 ne, ƙwai guda ke nan awo 2, rabin kofin yogot, oza ɗaya ta cuku, babban cokali biyu na tunkuzar gyaɗa ta kwalba, kwatan kofi na dafaffen wake. Da can sai an fara ba da awo 1 na hatsi kafin ƙwai ko yogot su shiga lissafi. Daga 1 ga Yulin 2024 an haɗe su rukuni ɗaya, kina iya ba da ƙwai zalla ranar da kika ga dama. A ganina wannan ne gyara mafi amfani da aka yi wa shirin cikin shekaru, domin shi ya buɗe mana hanyar rage kayan zaƙi da safe.

Mafin ɗin nan ya taɓa kunyata ni, bari in ba ki labari. Shekarata ta farko a tsara jadawali, a wata makaranta da ba sai na ambata ba, mai kawo mana kaya ya kawo mafin an rubuta oza 2 a ledarsa. Na rubuta awo 2 a takarda hankalina kwance, sau biyu a mako. Da mai bincike ta zo daga jiha, wata dattijuwa mai tabarau a wuya, ba ta ce komai ba. Ta ɗauki guda ɗaya ta ɗora a ƙaramin sikelinmu, ya nuna giram 57, ta buɗe teburin hatsi na USDA da ake kira Exhibit A, ta sa yatsa a kan 55, ta dube ni. Awo 1 ne. Sauran nauyin sukari ne da mai da ƙwai, ba gari ba. Makon da nake taƙama ya kai 9 ashe 7 ne. Ba a ƙwace mana kuɗi ba a wannan karon, tunda ƙarancin awo ne kuma karo na farko, an dai sa mu rubuta yadda za mu gyara. Da a ce rukuni guda ne babu shi sam, misali madara ta ƙare aka ci gaba da ƙirga yara, to waɗannan tiren kai tsaye ake soke kuɗinsu. Tun daga ranar ba na yarda da gaban leda. Duk abincin da aka sarrafa a masana'anta, musamman mai haɗe-haɗe kamar burodi da ƙwai da cuku a ciki, sai na ga tambarin CN na USDA a kwalinsa, wanda ke faɗin awo nawa yake bayarwa, ko kamfanin ya ba ni takardar bayanin haɗi mai sa hannu. Ki yanke tambarin daga kwalin ko ki ɗauki hotonsa yana jikin kwalin, ki adana. Ranar da mai kawo kaya ya ce wancan ya ƙare ga makamancinsa, ki duba takardar sabon kafin ki sa hannu.

Akwai wani tarko da ke kama masu kirki. Za ki so ki ba yara zaɓi, ki ce duk wanda ba ya son abincin yau ga kwanon kwanfilas. Madalla. Amma masu bincike mafi ƙanƙantar zaɓin kowace rana suke tarawa su ga ko mako ya cika. In kwanon nan awo 1 ne shi kaɗai kullum, makonki 5 ne, ko da babban abincin yana ba da 2 kowace rana. Maganinsa ki haɗa kwanon da sandar cuku ko ƙaramin yogot, su zama abu ɗaya mai awo 2.

Sai ingancin hatsin. Aƙalla kashi 80 cikin ɗari na hatsin mako dole ya zama wanda rabinsa ko fiye cikakken hatsi ne da dusarsa da ƙwayarsa. Ragowar kuma sai wanda aka ƙara wa sinadaran gina jiki a masana'anta. Farin gari ko farar shinkafa da ba a ƙara musu komai ba, sifili ne, ko yaro ya ci kwano guda. Riƙe wannan, zai dawo a maganar koko.

'Ya'yan itace suna da sauƙi in kin san girmansu. Ƙaramar ayaba irin ta makaranta rabin kofi ce, ba kofi ba. Lemon zaƙi mai lamba 138, wato mai girman da guda 138 ke cika kwali, shi ma rabi ne. Tuffa mai lamba 125 zuwa 138 ita ce ke cika kofi ita kaɗai. Busassu ana ninka musu, kwatan kofi na zabibi yana tsayawa a rabin kofi, haka dabino in an cire ƙwallo an auna. Jus dole ya zama na 'ya'yan itace zalla, kuma kada ya wuce rabin abin da kika bayar a mako. Abin da ya fi sauƙi shi ne kullum ki fitar da kala biyu, rabi da rabi. Ki sayi ludayin awo mai lamba 8, rabin kofi ke nan, da mai lamba 16 na kwata, ki ɓoye ludayin gida inda ba mai ganinsa. Kina iya sa kayan lambu a madadin 'ya'yan itace. In rana ɗaya ce a mako, kowane iri ya yi. In ta kai biyu, sai sun fito daga dangi biyu daban, kada ya zama dankalin turawa yau dankalin turawa gobe. Gasasshen dankalin Hausa da ƙwai yana tafiya sosai a lokacin sanyi.

Madara kuma ki ajiye kala biyu, marar kitse ko mai kitse kashi 1, ɗaya daga ciki dole farar da ba a sa wa ɗanɗano ba. Madarar da kika zuba a tukunyar kunu ba ta shiga lissafi, haka madarar gwangwani ta shayi, haka yogot ba ya zama madara. Da yawa daga yaranmu madarar shanu tana murɗa musu ciki. Wadda aka cire wa sukarin laktos madara ce cikakkiya a wajen doka, ba ta buƙatar wata takarda, ki tanade ta tun farko. Ta waken suya tana iya shiga in ta kai ma'aunin da aka gindaya, ciki har da furotin giram 8 a kofi. Yawancin na almon ba sa kaiwa.

Yanzu ga wurin da gizo ke saƙar, wato bakin layi. A karin kumallo makaranta tana da zaɓi biyu. Ko dai a ɗora wa kowane yaro komai, cikakken kofin 'ya'yan itace da hatsi da madara, ko a bi tsarin da ake taƙaitawa da OVS, inda ake miƙa wa yaro ya zaɓa. A na biyun za ki fitar da aƙalla abu huɗu, yaro ya ɗauki aƙalla uku, kuma dole a cikinsu akwai rabin kofin 'ya'yan itace ko kayan lambu. Abu mai awo 2 kina da ikon ƙirga shi abu biyu, muddin kin yanke haka tun a jadawali kin sanar da ma'aikata. Misali yau akwai kunun ot kofi guda, ayaba, zabibi da madara. Yarinya ta ɗauki kunu da ayaba: abu uku, ya cika. Yaro ya ɗauki kunu da madara: shi ma abu uku, amma bai cika ba, babu ɗan itace. Wani ya ɗauki ayaba da zabibi da madara, bai taɓa kunu ba: ya cika. Madara ba dole ba ce a wannan tsarin, kuma kuskuren da na fi gani shi ne mai ƙirga tana tilasta wa yara madara, tana barin marar ayaba ya wuce. Ki ajiye kwandon ayaba ko zabibi daidai gwiwar hannunta, in tire ya zo da gibi ta ce, "Ɗan albarka, ɗauki ɗaya." Sai ya ɗauka sannan ta danna. Ba a ƙirga da rajistar aji, ba a ƙirga da yawan tiren da aka wanke, ba a biyan na biyu ga yaro ɗaya, ba a biyan na malami. Kuma haramun ne a dokar shirin a bambanta mai cin kyauta da mai biya ta hanyar da sauran yara za su gane.

Ni OVS nake ba ki shawara, ko don kwandon shara. Amma in a cikin aji za a riƙa ci, malamai ne masu ƙirga, to gara jaka cikakkiya ga kowa, don malamin da ke fama da yara ashirin ba zai tsaya lissafin abu uku ba.

To, koko da ƙosai. Amsar ita ce e, suna iya shiga, amma ba yadda Inna take yi ba.

Gero da dawa cikakken hatsi ne a wajen USDA, muddin ba a raba su da dusarsu ba. Matsalar ita ce kokonmu ana surfa geron, a jiƙa, a niƙa, a tace, a zubar da dusa. Gasarar da ta rage ba cikakken hatsi ba ce, kuma ba wanda ya ƙara mata sinadari, don haka sifili ce a takarda. In kina so ya shiga, sai ki yi shi da garin gero cikakke wanda ledarsa ta faɗi haka, ba tacewa. Zai fi kama da kunu mai ɗan tsaki, ki ƙara masa citta da kanumfari da ɗan tsamiya, yara suna sha. Kuma da yake koko ruwa-ruwa ne, kada ki auna shi da kofi. Auna busasshen garin: giram 28 ga kowane yaro, wato kilo 2.8 ga yara ɗari, kusan kilo 4 ga naki 140. Ki dafa, ki auna abin da ya fito, ki raba, ki ga ludayi nawa ne rabon mutum ɗaya. Ki maimaita har sau uku ya riƙa fitowa daidai, sannan ki rubuta. Wannan shi ne abin da suke kira daidaitaccen tsarin girki, kuma ba shi ba lissafi.

Ƙosai ta ƙofar wake zai shiga, kwatan kofin dafaffen wake awo 1. Littafin USDA mai suna Food Buying Guide, wanda ke intanet kyauta, zai gaya miki dafaffen wake nawa ake samu daga laba ɗaya ta busasshe, daga nan ki gano ƙosai nawa ne ke ɗauke da kwatan kofi. Da yake muna cire ɓawo mu niƙa, ki aika wa jami'ar jiharku tsarin girkin ta amince a rubuce kafin ki sa shi a jadawali. Ki kwatanta mata shi da falafel na Larabawa, nan da nan za ta gane. Suyar ce abin lura. Daskararren kitse dole ya gaza kashi 10 cikin ɗari na kalorin mako, manja kuwa kusan rabinsa daskararren kitse ne, man shanu da man kwakwa sun fi shi. Yi amfani da man kanola ko makamancinsa, sau ɗaya a mako. Alala ma ta fi sauƙi, tunda turara ta ake yi, kuma ana iya yin ta a manyan tire a yanka murabba'i.

Waina fa? Shinkafar da ake nomawa a sarrafa a Amurka galibi an ƙara mata sinadarai, ledar tana faɗi. Basmati da jasmin da muke saye a kantunanmu sau da yawa ba a ƙara musu ba. Ko wadda aka ƙara wa ɗin, wanki da jiƙon da waina ke buƙata suna tafiya da abin da aka barbaɗa mata. Ga kuma ƙa'idar fifita kayan da aka noma a Amurka, wadda ta taƙaita sayen na waje. Ni dai na bar waina ga ranar walima.

Gishiri ba a gishiri kaɗai yake ba. Ƙaramin cokali ɗaya na gishiri sodiyam miligiram 2,300 ne a ƙiyasi, kofin madara ma yana ɗauke da sama da 100 tun kafin ki taɓa komai. Dunƙulen magi, bakin foda, har kanwar da muke jefawa a wake, duk sodiyam ne. Cuku da tsiran Turawa na talotalo su ne manyan ɓarayi. Daga 1 ga Yulin 2027 iyakar ƙananan yara za ta sauka daga 540 zuwa 485, don haka tun yanzu ki gina jadawalinki a kan 485, kada ki sake aiki sau biyu.

Sukari ma haka. Dokar da aka fitar a Afrilun 2024 ta sa iyaka daga 1 ga Yulin 2025: hatsin kwali kada sukarin da aka ƙara masa ya wuce giram 6 a oza, yogot giram 12 a oza 6, madara mai ɗanɗano giram 10 a kofi. Wannan mai sauƙi ne, kamfanoni sun riga sun gyara kayansu. Mai wuyar tana zuwa a 2027, lokacin da sukarin da aka ƙara zai zama dole ya gaza kashi 10 cikin ɗari na kalorin mako. In karin kumallonki kalori 480 ne, kashi goma 48 ke nan, kowane giram na sukari kalori 4, giram 12 kacal. Ƙaramin cokali uku. Madarar cakulan mai giram 10 da kwanon hatsi mai giram 6, kowannensu ya halatta shi kaɗai, amma tare sun kai 16. Ki tuna yadda yaranmu suke son koko da sukari, sai ki gane dalilin da ya sa nake cewa ki ɗora dabino ko zabibi a gefe. Zaƙin da Allah ya halitta a cikin ɗan itace ba ya cikin wannan lissafin. Zuma kuwa tana ciki.

Ga mako guda da za ki iya farawa da shi. Litinin kunun ot kofi ɗaya, awo 2, da ayaba da zabibi. Talata yankan burodin cikakkiyar alkama da rabin ƙwai soyayye da albasa, awo 2, da lemon zaƙi da jus. Laraba rabin kofin yogot da kwatan kofin giranola, awo 2, da kofin yankakken kankana ko abin da ke da araha a lokacin. Alhamis koko da ƙosai, awo 2, da dabino da ayaba. Juma'a, da yake rana ce mai hidima, hatsin kwali awo 1 da tuffa. Madara kullum. Jimla 9. Hatsin da ke ciki awo 6 ne, kuma in duk cikakku ne ba ki da fargabar kashi 80. Ki sa shi a manhajar lissafin sinadarai da jiharku ta amince da ita ki ga kalori; in ya gaza 400, ƙara sandar cuku ranar Juma'a, ya zama 10. In wannan ya zauna, ki yi na biyu da na uku, ki riƙa juya su. Mako uku ya isa karin kumallo, yara ba sa ƙin maimaici da safe kamar yadda manya suke zato.

Maganar halal a kanki take, gwamnati ba za ta duba miki ba. Doka ta tilasta sauya abinci ga yaro mai larurar lafiya, in sauyin zai fita daga ƙa'ida sai da takardar likita. Sauyi don addini kuwa an yarda, amma a cikin ƙa'ida. Ki riƙa karanta jerin kayan haɗi, domin jelatin, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, yana ɓuya a wasu yogot da alewar cikin hatsin kwali da kwalliyar saman kek, tsiran talotalo ma wani lokaci rigarsa ta alade ce. Kunun gyaɗa kuma, duk da daɗinsa, kada ki kusance shi sai kin ga takardun lafiyar yara duka. Gyaɗa tana cikin manyan abubuwa tara da ke tayar da borin jini a dokar ƙasar nan, riɗi ne na taran tun Janairun 2023, kuma ga wasu yaran abin ba ƙaiƙayi ba ne, numfashi ne ke ɗaukewa.

Kullum kafin a kashe wutar kicin, a cike takardar aikin yini: me aka shirya, awo nawa, mutum nawa aka yi wa, nawa aka ɗauka, nawa ya rage, da zafin abinci. Mai zafi kada ya sauka ƙasa da digiri 135 a ma'aunin Faranhait, mai sanyi kada ya haura 41. In an sauya lemo da tuffa, a rubuta a ranar. Ana adana takardun shekara uku bayan shekarar da ake ciki. Kada a tara su sai Juma'a a cike da ka, masu bincike sun san takardar da aka rubuta da biro ɗaya a zama ɗaya.

Abu ɗaya da takardunki ba lallai su ambata ba shi ne azumi. Asalin ƙa'ida a makaranta ake cin abincin, ba a tafiya da shi gida. In Ramadan ya faɗo cikin zangon karatu, manyan yaranki za su daina zuwa layi, kuɗin shiga ya ragu alhali albashin ma'aikata yana nan. Wasu jihohi sun nemi izini na musamman daga USDA don masu azumi su tafi da abincinsu gida, amma sai makaranta ta nema an ba ta kafin ta fara. Ki tambayi jami'arku tun watan Rajab, kada ki bari sai an ga wata. Ki kuma rage odar madara ta makon farko, don ita ce ba ta jira.

Ki fara da gwajin kokon a ƙarshen makon nan, na mutum goma, giram 280. Ki turo mini yawan ruwan da kika zuba da ludayin da ya fito, mu lissafa tare kafin ki aika wa jiha.